Yadda Malam mai katalog ya koyi aiki da Koha a laburaren wata kwaleji

Laburaren da zan yi magana a kai na wata kwalejin ilimi ce a nan Arewa, ba zan kama sunanta ba, shi ma mutumin Malam kawai zan riƙa ce masa don haka kowa ke kiransa har shi shugaban laburaren. Shi ke riƙe da sashen katalog, ma'ana duk littafin da ya shigo ginin nan sai ya bi ta teburinsa kafin ya hau kanta, shi zai shigar da shi rajista, ya duba me littafin ke magana a kai, ya ba shi lamba, ya buga masa kati. Difloma ya yi ta aikin laburare a ABU Zariya, sashen nan da aka buɗe tun 1968, kuma tun da ya fito aikin kenan, tafireta da kati ɗan inci uku da biyar mai huda a ƙasa da akwatunan katako masu aljihu-aljihu. Ka tambaye shi littafin koyar da lissafi a firamare ba zai ko ɗaga kai ba zai ce maka je ka layin kaza kanta ta biyu daga ƙasa, kuma in ka je yana nan. Amma waya ƙarama yake riƙewa mai madannai, imel ɗin da ofis suka buɗe masa ma yaronsa ke duba masa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne tantancewa. Kwalejojin ilimi hukumar NCCE ke zuwa ta duba kwasa-kwasansu, kuma laburare na cikin wuraren da ake leƙawa, ana so a ga ɗalibi zai iya neman littafi ta kwamfuta sannan akwai hanyar samun mujallu ta intanet. Ga kuma kason TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na inganta laburare ya fito, sai aka sayo kwamfutoci aka jera, aka ware guda ɗaya babba a matsayin saba, wato uwar kwamfutar da ke riƙe bayanai sauran su ɗauka daga gare ta, aka ce za a ɗora Koha, wata manhajar tafiyar da aikin laburare.

Malam bai so ba, kuma ni dai ban ga laifinsa ba in aka bi dalilinsa. Shekarun baya an taɓa kawo musu wata manhaja ta kuɗi daga wani kamfani, suka yi wata da watanni ana shigar da littattafai, da lasisi ya ƙare ba a sabunta ba sai komai ya kulle, mutumin da ya ɗora musu kuma wayarsa ta daina shiga. Da abin ya lalace ina aka koma? Akwatin katin Malam. Kuma ba su kaɗai ba ne, duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san labarin TINLIB da aka kawo wa jami'o'in tarayya a shekarun 1990 ƙarƙashin wani shiri na Bankin Duniya, yawancinsu daga baya suka watsar suka nemi wata. To mutumin da ya ga wannan da idonsa in ya ce maka “bari dai mu gani” ba ƙauyanci ba ne.

Bambancin Koha shi ne ba ta da kuɗin lasisi. An fara rubuta ta a 1999 a ƙasar New Zealand, wani kamfani Katipo ya yi wa laburaren yankin Horowhenua, ta fara aiki a farkon 2000, sai suka sake ta kyauta kowa ya ɗauka ya gyara. Yanzu duk wata shida ake fitar da sabon zubi, Mayu da Nuwamba, kuma a kan tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux take zama. Fuska biyu gare ta, ɗaya ta ma'aikata inda ake shigar da littafi da ba da aro, ɗaya ta masu karatu da ake ce wa OPAC inda ɗalibi zai rubuta abin da yake nema. Kyauta ce ta fuskar lasisi fa, amma wuta da intanet da wanda zai kula da saba duk naka ne, wannan ɓangaren ne masu sa hannu a takardar kuɗi ba sa son ji.

An yi musu bita ta 'yan kwanaki. Mai koyarwar ya san aikinsa wallahi, amma da majigi yake koyarwa cikin Turanci da sauri, danna nan danna can, ana cikin darasi a ɗauke wuta a jira janareta, kafin Malam ya gano inda kibiyar maus ɗinsa ta shige an wuce shafi uku. Ya rubuta komai a littafinsa tsaf da jan biro da shuɗi, aka raba satifiket aka ɗauki hoto, ranar Litinin ya dawo ya cire murfin tafiretarsa ya ci gaba da buga kati.

Sai shugabanni suka yanke shawarar da ake yawan yankewa a irin wannan hali, wato a zagaye shi. Aka ɗebo ɗaliban da suka zo sanin makamar aiki da wasu matasa masu saurin hannu a kibod, aka ce su ɗauki littattafai daga kanta su shigar, don a samu abin nunawa kafin baƙi su zo. Sun shigar da yawa kam. Matsalar sai da aka fara nema ta fito. Marubuci ɗaya ya zama mutum huɗu, nan Muhammad can Mohammed can Muhammadu can kuma Moh'd. Wani ya sa sunan kamfanin buga littafi a gurbin marubuci. Littafi mai kwafi goma an shigar da shi sau goma kamar littattafai goma ne daban, maimakon bayani ɗaya a rataya masa kwafi goma kowanne da bakod ɗinsa. Gurbin maudu'i kuwa kusan duk fanko, wanda ke nufin in ɗalibi bai san ainihin sunan littafin ba ya rubuta misali koyar da yara masu buƙata ta musamman, ba abin da zai fito masa ko da akwai kanta guda cike da su. Yaran ba su yi ha'inci ba, abin da suka iya suka yi, kwamfuta suka sani ba katalog ba.

Wadda ta warware abin wata 'yar bautar ƙasa ce da aka turo, ta karanta aikin laburare a jami'a ta kuma taɓa Koha a can. An ba ta aikin gyara tarkacen nan, ta yi 'yan kwanaki tana fama sai ta lura duk sanda ta rikice a kan wani littafi in ta je akwatin Malam ta zaro katinsa amsar na nan daidai. Daga nan ta daina zuwa kanta, ta ɗauko aljihun kati guda ta ajiye a gefen kwamfuta. Malam ya zo wucewa ya ga aljihunsa ba ya wurinsa, ransa a ɓace ya ce “'yar nan wa ya ce ki zare min wannan?” Ta ce “Baba yi haƙuri, zo ka gani, wannan layin na sama da ka sa sunan mai littafi, nan ne ɗari. Wannan na ƙasansa sunan littafin, shi ne 245. Ni ban san dalilin da ya sa ka sa wannan mutumin a ƙasa ba ka sa shi a sama ba.” Ya karɓi katin ya duba ya ce ai wannan edita ne ba marubuci ba, edita ba ya hawa sama. Ta ce to ina zan sa shi? Ya ce a nan dai a ƙasan kati nake sa shi, a can ban sani ba. Ta nuna masa 700. Ya ja kujera ya zauna.

A nan ya kamata in ɗan yi bayani ga wanda ba ɗan harkar ba. Koha da sauran manhajojin laburare suna ajiye bayanin littafi da wani tsari da ake kira MARC, wanda wata mata Henriette Avram ta jagoranci ƙirƙirarsa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960, kuma asalin manufarsa ma a mayar da abin da ke kan katin katalog yadda kwamfuta za ta iya karantawa. Kowane layi na kati an ba shi lamba: 020 lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya), 100 marubuci, 245 sunan littafi, 250 bugu na nawa, 260 ko 264 gari da kamfani da shekara, 300 yawan shafuka da tsayin littafi, 650 maudu'i, 700 sauran masu hannu a ciki. Koha ta ƙara nata 952 na kowane kwafi, inda bakod da lambar kanta suke shiga. Wato abin da Malam ya yi shekaru yana bugawa a tafireta shi ne dai a allon, har alamomin da yake sawa tsakanin gari da kamfani da shekara, sai dai an yayyanka an sa kowane a gurbinsa. A bitar nan babu wanda ya gaya masa haka. An fara masa daga yadda ake shiga da fasawod da sunayen maɓallai, ba a fara daga katin da ke hannunsa ba.

Abin da ya rage masa na gaske ƙanana ne amma su ne masu cin rai. Maus ya fi ba shi wuya, danna sau biyu da sauri ɗin nan, hannunsa ya saba da dukan tafireta da ƙarfi har kibod ɗin na kuka. 'Yar bautar ƙasar kuwa sai ta koya masa tafiya da maɓallin Tab daga gurbi zuwa gurbi, ya zama da wuya ya taɓa maus, kuma da yake shi tsohon mai tafireta ne da yatsu goma yake bugawa ba ya kallon hannu, nan da nan ya fi yaran sauri. Sannan shafin shigar da littafi na Koha yadda yake zuwa gurabe ne rututu shafi bayan shafi, mutum na gani gabansa zai faɗi. Ta shiga saiti ta yi masa nasa fom ɗin gajere, ta ɓoye duk abin da ba ya bukata ta bar masa kamar goma sha wani abu, a jere yadda suke a kati. Ya sa ta rubuta masa lambobin a kwali ya manna a jikin allon, har yanzu yana nan duk da ba ya dubawa.

Ranar da ta nuna masa Z39.50 ne ya yarda abin na da amfani. Hanya ce da Koha ke leƙa katalog ɗin wasu manyan laburare ta intanet ta kwaso bayanin littafi. Ya ɗauko wani littafin ilimin halayyar yara bugun waje, ya buga ISBN, sai ga komai ya sauko daga Amurka har da lambar kanta a gurbin 050, da yake su ma tsarin lambobin Laburaren Majalisa suke bi kamar yawancin manyan makarantun ƙasar nan. Aikin da kan ci masa rabin awa da buɗe manyan kundaye. Bai ce komai ba, ya tashi ya zaro katinsa na wannan littafin ya gwada lambar da ya bayar da hannu da tasu, suka zo ɗaya, sannan ya ce to madalla.

Amma inda labarin ya fi ɗaukar hankalina shi ne da aka iso kantocin Hausa da Larabci da addinin Musulunci, waɗanda a kwalejin ilimi a Arewa ba ƙananan kantoci ba ne. A nan kwaso-daga-waje ya tsaya cak. Tsofaffin bugu na kamfanonin Zariya akan dace a same su, amma littattafan adabin kasuwar Kano da ƙananan littattafan addini da ake bugawa a Kano da Sakkwato da Zariya, da littattafan da malaman kwalejin suka rubuta da kansu suka kai maɗaba'a, da kundayen binciken ɗalibai, babu wanda ya shigar da su a ko'ina balle ka kwafa. Da yawa ba su da ISBN ko kaɗan, duk da Laburaren Ƙasa ke ba da lambar a Najeriya ba kowa ke zuwa karɓa ba, wasu kuma akwai lambar amma in ka buga sai wani littafi daban ya fito ko ka ga littattafai biyu da lamba ɗaya. Wani ba shekara, wani ba sunan maɗaba'a, wani littafi na ɗaya da na biyu da na uku kowanne da ɗan bambanci a suna. Duk wannan sai wanda ya iya katalog daga tushe, ya riƙe littafin ya juya ya yanke hukunci. A ginin nan kaf mutum ɗaya ne.

Sai ga maganar sunaye. Ƙa'idar Turawa a juya suna a fara da sunan iyali, mu kuwa na ƙarshen sau da yawa sunan uba ne ko sunan gari ko unguwa, ga Alhaji da Malam da Shehu da Hajiya a gaba. Malam tun zamanin kati yana da hanyarsa, ya zaɓi siga ɗaya ga kowane marubuci, sauran sigogin ya yi musu katin “duba” mai tura ka can. Da ta nuna masa Koha na da wurin ajiye tabbatattun sunaye inda ake sa sigar da aka zaɓa da sauran da ke nuni zuwa gare ta, bai bukaci dogon bayani ba, shi ya riƙa gaya mata wane da wane mutum ɗaya ne, wane kuma ɗansa ne ba shi ba.

Haruffa masu lanƙwasa ma sun kawo tasu. Littafi sunansa da ƙ ko ɗ ko ɓ, in an shigar da shi daidai ɗalibi ya zo OPAC ya rubuta da k ko d ko b don abin da ke kibod ɗin kenan, sai kwamfuta ta ce babu. In kuma an shigar da shi ba lanƙwasa an ɓata sunan littafin mutane, Malam ya ce shi ba zai yi wannan ba. Ana iya gyara wannan a saitin injin binciken da ke cikin saba, amma mai kula da saba ba kullum ake ganinsa ba. Shi Malam ne ya tambaya, babu gurbin da ake sa wani sunan da aka san littafi da shi? Akwai, 246. Shi kenan sai ya riƙa sa na daidai a 245, mara lanƙwasa a 246, duk ta inda ɗalibi ya biyo zai samu. Aiki biyu ne amma yana yi. Su haruffan kuma kafin a sa masa kibod ɗin Hausa a kwamfutar, a wani ɗan fayil ta ajiye masa su yana kwafowa. Littattafan Larabci da sunansu ya fara da al- kuwa akwai 'yar lamba a jikin 245 da ke gaya wa kwamfuta haruffa nawa za ta tsallake wajen jerawa, a sa 3, in ba haka ba rabin kantar duk za ta taru a ƙarƙashin A. Yaran farko babu wanda ya sa, shi kuwa ya san dalilin tun kafin a gama faɗa, don a akwatinsa ma ba ya jera su a A.

An samu tangarɗa guda da ta kusa mayar da hannun agogo baya. Wata rana ya wuni yana shigar da littattafan Hausa, washegari ya nema ko ɗaya bai fito ba. Ya ɗauka shi ya danna wani abu ya goge, bai gaya wa kowa ba, ya koma tafireta shiru har kwana biyu. Ashe an ɗauke wuta ne saba ta mutu ba shiri, da ta tashi ɗan shirin da ke jera sabbin bayanai don bincike, Zebra ake ce masa, bai tashi tare da ita ba. Littattafan na nan lafiya lau, nema ne kawai ba ya ganinsu. Da aka tayar da shi duk suka bayyana. Tsoron “kar in ɓata” ɗin nan shi ne babban abin da ke hana manya taɓa kwamfuta, kuma ba a magance shi da cewa ba komai Baba, sai da ta nuna masa yadda zai buɗe littafi ta lambarsa kai tsaye ya gani da idonsa cewa yana nan. Bayan wannan ne ma aka samu aka sa wa saba inbata da batir.

Ɓangaren mujallun intanet bai ba shi wuya sosai ba, lokacin hannu ya riga ya faɗa. Ya koyi Google Scholar na neman maƙalun bincike, ya koyi AJOL da ke tara mujallun Afirka tun 1998, da DOAJ na mujallun da ake karantawa kyauta, ya kuma sayi babbar waya. Da ɗalibai suka fara zuwa da jerin manazarta da ChatGPT ya ba su suna neman a nemo musu, shi ne ya fara lura wasu babu su, sunan mujalla na gaske, shekara da fitowa na gaske, amma ka buɗe fitowar babu wannan maƙala a ciki. Yanzu kafin ya tashi daga kujera sai ya tambayi yaro, ɗana a ina ka samo wannan?

Ni a ganina kuskuren da aka yi tun farko shi ne ɗaukar cewa matsalar Malam ce, alhali rabin ilimin da aikin ke bukata a kansa yake, kuma shi ne rabin da ba a koyo a sati ɗaya. An kashe kuɗi a bita da hayar masu shigar da bayanai, sannan aka dawo aka yi watanni ana gyara, abin da ya yi aiki kuwa kujera biyu ne a gaban kwamfuta ɗaya da aljihun kati a tsakani, kullum awa ɗaya ko biyu bayan azahar in ɗalibai sun ragu.

Ba wai komai ya daidaita ba. 'Yar bautar ƙasa shekara ɗaya ce tata, ta gama ta tafi, ba a ɗauke ta aiki ba duk da shugaban laburaren ya rubuta, yanzu ta WhatsApp Malam ke tura mata hoton allo in abu ya cije. Koha na ajiye kwafin bayananta kullum amma a cikin ita wannan sabar, in faifan ya ƙone an rasa duka, don haka duk Juma'a ana kwashewa a fulash a sa a durowar shugaba, in an tuna. Ba a sabunta zubin da aka ɗora ba tun ranar farko don kowa na tsoron taɓawa. Kuɗin data wata a biya wata a manta, in ya yanke Z39.50 ya tsaya sai aikin hannu. Littattafan da yaran farko suka shigar har yanzu akwai sauran da ba a kai ga gyarawa ba, kundayen ɗalibai ma ko farawa ba a yi ba. Shi kuma Malam saura masa 'yan shekaru ya yi ritaya, an ba shi wani matashi ya koya masa katalog, yaron na da saurin hannu amma har yanzu edita yake sawa a 100.